Lahadin da Aka Mayar da Agogo Baya

Ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, shekarar 2014, na tashi tun ƙarfe shida da rabi na safe, na zauna a kicin ɗinmu da ke hawa na huɗu a titin Grand Concourse na unguwar Bronx, da littafin rubutu mai jan bango a kan cinyata da fensir a bayan kunne. Shekarata goma sha ɗaya. Wayar Mama tana kan tebur tana caji kusa da gwangwanin madara, ni kuwa idona yana kan agogon bango, wanda Baba ya hau kujera ya mayar da shi baya da awa ɗaya tun jiya da yamma, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shigowar sanyi. Ƙarfe bakwai nake jira. Bakwai ta yi ta wuce, bututun hita mai ɗumama gida ya yi ta ƙwanƙwasarsa, bas ta tsaya a ƙasa ta kwashi mutane ta tafi, wayar ba ta motsa ba. Sai da takwas ta cika cif sannan ta kawo haske, sunan "Iya" ya fito, ta yi ƙara sau uku ta katse. Na rubuta lokacin, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ina murmushi ni kaɗai. Ban taɓa jin kaina da wayo irin na safiyar nan ba, kuma har yau ban yi abin da na yi nadamarsa kamar wanda na yi da wannan wayon ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Iya, mahaifiyar Mama, wadda nake kira Kaka, ta yi sati biyar a kabari a Wusasa ta Zariya. Faɗuwa ta yi a tsakar gida wata ranar Laraba, kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa. Mutanen cocinmu sun sani, matan da ke hawa da sauka a benenmu sun sani, mu biyu kaɗai aka bari a duhu, ni da Mama. Mama tana da cikin wata shida, bayan biyu da suka zube a baya, ga hawan jini ya sa ta gaba har likita ya hana ta zuwa aiki. Ya ce ta kwanta, kada a bar komai ya ɗaga mata hankali, domin kowane sati da yaron zai ƙara a ciki riba ce babba. A wajen mutanenmu kuwa ba a faɗa wa mai ciki mutuwar uwarta, sai ta sauka lafiya, manya su taru su zaunar da ita. Dattawan gida suka yanke haka ta waya, Baba ya amsa, ya ɗauki nauyin riƙe maganar har Mama ta haihu. Ni an ɓoye mini ne don kowa ya san cikina ba ya riƙe magana.

Benenmu hawa shida ne na jan bulo, da lif ɗin da ya fi hutawa a kan aiki. Ko idonka a rufe za ka san hawan da kake ta hanci: na biyu soyayyar ayaba da tafarnuwa, na uku shinkafa da wake da yaji, na huɗu daddawar Mama idan wani matafiyi ya kawo mana tsaraba. Aikina shi ne tura keken wanki zuwa ɗakin injuna a can ƙasa, da wanke kwanuka, da fitar da shara, da ɗauko ƙaramin buhun garin tuwo daga kanti ina hutawa a kowane hawa. Da rani muna tsallen igiya a filin makaranta mai shingen waya har tafin ƙafa ya yi zafi, da sanyi kuma mu koma tsere a matakala har wani babba ya leƙo ya zage mu da yarensa. A ƙasanmu daidai Hajiya Mariama take, 'yar zangon Kumasi, mai dafa abinci tana sayar wa direbobin tasi. Bututun hita ya ratsa ta wani rami a kusurwar kicin ɗinmu ya sauka cikin nata, saboda haka idan na kwanta rubda ciki na kara kunnena, har motsin ludayinta nake ji. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, ni kuwa da iyayina na sha gyara mata, ita kuma ta biya ni da ranƙwashi da cinyar kaza.

Baba direban bas ne, mutum mai ƙarancin magana a waje, amma ka sa masa fim ɗin yaƙi ka ga surutu. Ba irin na tankoki da ihu ba. Nasa shi ne wanda za ka ga 'yan mata jere a ɗakin katako, da abin sauraro a kunnuwa, suna rubuta haruffa biyar-biyar da ba su da ma'ana. Da maza marasa barci a gaban allo suna neman bakin zaren saƙon abokan gaba. Da mota mai eriya a kai tana rarrafe unguwa-unguwa tana farautar wanda ke aika saƙo a ɓoye. Yana yaro a Tudun Wada ta Zariya a rumfar kawunsa mai gyaran rediyo yake wuni, yana murɗa tasha yana jin ƙit-ƙit ɗin tangaraho daga ƙasashen da bai san sunansu ba. Ya so shiga soja ɓangaren sadarwa, uwarsa ta rantse ɗanta ba zai sa kaki ba, shi ke nan aka binne maganar. Sai ga shi a Bronx duk Asabar bayan azahar yana dawowa daga laburare da faifai biyu a aljihun rigar sanyi. Ya soya gyaɗa a kasko, ya ja labule, ya riƙe rimot kamar sandar malamin makaranta. Fim ɗin awa biyu sai ya ci mana huɗu, don kowane minti biyar sai ya tsayar ya yi bayani. Mama tana kwance a doguwar kujera, ƙafafunta da suka kumbura a kan filo, tana cewa, "Wannan wane irin yaƙi ne, an tara mata ana aikin akawu?" Sai barci ya kwashe ta, ta farka can ta tambaya ko an gano.

Ni ce ɗalibarsa, kuma ina son wannan matsayi fiye da yadda zan iya faɗa. A makaranta ni ce yarinyar da abincinta ke wari, amma ranar Asabar ni ce mai taimaka wa shugaban masu warware sirri. Abu biyu ya fi maimaita mini. Na farko, "Kada ki damu da abin da aka faɗa tukuna. Wa ya buga, daga ina, da ƙarfe nawa?" Na biyu, "Kowane mai buga waya da hannunsa." Ya ce waɗannan 'yan matan ba su taɓa ganin fuskar wanda suke saurare ba, amma sun san shi ta yadda yake danna maɓalli, wani mai gaggawa, wani mai jan ƙarshen harafi, har suna sa musu sunaye. Ranar da aka canja mutum, ko da saƙon bai canja ba, a ranar suke ganewa. Shi ya sayo mini littafin nan mai jan bango. Yakan jefa mini takarda a jakar abincin makaranta da haruffa a hargitse, in wuni ina fama, da yamma in kawo masa amsa ya yi kamar bai san zancen ba. Da wasan ya yi mini daɗi sai na shiga rubuta komai da lokacinsa: zuwan mai wasiƙa, buɗe ƙofar Hajiya, faɗan miji da mata na hawa na biyar, da duk kiran da ya shigo wayar Mama.

A cikin kiraye-kirayen nan, na Kaka daban yake. Kunnenta ya mutu tun ina ƙarama, magana da ita ta waya ta zama wahala, Mama tana ihu a nan ita tana can tana cewa a ƙara faɗa. Sai suka bar magana. Ƙanwar Mama, Anti Lami, ita ke kawo labari idan akwai, Kaka kuwa filashin kawai take yi. Duk Lahadi idan ta taso daga sujada ta iso gida ta cire ɗankwalin coci, wajen ƙarfe ɗaya na rana a can, sai ta danna 'yar wayarta mai tocila, ma'ana ina nan da rai, na yi muku addu'a. Mama ta mayar mata, ma'ana mun ji, mu ma muna nan. Na yi shekara biyu ina rubuta wannan kira, saboda haka na san hannun Kaka. Ba ta jin ƙarar, don haka takan riƙe har ya yi sau biyar ko shida. Babban yatsanta yana rawa, bayan ta katse sai ta sake dannawa ba da niyya ba, a sami wani ɗan guntu a baya, wanda na sa wa suna wutsiya. Ba ta taɓa kira a kan daidai ba, yau takwas da minti bakwai, wani satin da kwata, gwargwadon tsawon wa'azi da yawan waɗanda ta tsaya gaisarwa a hanya. Sannan Najeriya ba ta taɓa agogonta. Da rani kiran yana zuwa mana da takwas, da zarar mun mayar da agogo baya sai ya koma bakwai.

Daga baya na ji yadda Baba ya tsara abin. Wayar Kaka ta ɓata a hayaniyar ranar rasuwa, shi kuma ya san idan Lahadi ɗaya ta wuce ba filashin, Mama za ta tayar da gari. Bai yarda da sabis ɗin wayar Najeriya ba, bai yarda Anti Lami ba za ta manta ba, yana son abin da ke ƙarƙashin idonsa. Sai ya faki Mama tana barci, ya goge lambar da ke ƙarƙashin sunan "Iya", ya sa ta wata tsohuwar wayar Hajiya Mariama. Ya sauka ya roƙe ta, ta yi kuka ta amsa. Ya ce mata ƙarfe takwas kowace Lahadi, ta bari ya yi ƙara ta katse, sannan ta danne wayar da filo har Mama ta mayar. Hajiya mace ce mai cika alkawari, da takwas ta buga take dannawa. Shekara ashirin tana ƙasar nan, wayarta ke gyara mata lokaci da kanta, ba abin da zai sa ta tuna da agogon Wusasa. Baba kuwa, wanda ya hau kujera da ƙafarsa ya juya agogonmu, ya fita aikin asuba bai haɗa wannan da wancan ba.

Tun ƙarshen Satumba na ga canji. Ƙara uku cif, takwas cif, ba wutsiya. Na sa alamar tambaya a gefen shafi, sati na biyu na ƙara wata, na uku na ce wa kaina hannu ya canja. Na yi shiru ina jiran Lahadin agogo, don ita ce za ta raba gardama. Da kiran ya zo da takwas maimakon bakwai, na san mai bugawa ya mayar da agogonsa baya tare da mu, wato yana ƙasar nan. Mama ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambaya ko Iya ce, na ce ita ce, na kai mata wayar ta mayar, ta ce Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Wajen sha ɗaya ta shiga wanka, na ɗauki wayar na buɗe sunan, na ga lambar irin ta unguwarmu ce. Na danna kira ina tsaye a kicin. Sai na ji ƙarar waya irin carar zakara tana fitowa ta ramin bututu, na ji silifa suna gudu, carar ta dusashe kamar an zauna a kanta. Na kwanta a ƙasa ina dariya ba sauti.

Ina so a gane wani abu, ko da ba zai wanke ni ba. Ko sau ɗaya mutuwa ba ta zo mini a rai ba. Kaka a wurina hoto ce a bango da ƙara biyar a waya, ban san irin waɗannan suna mutuwa ba. Abin da na ɗauka shi ne Baba ya shirya mini jarrabawa mafi girma, ya haɗa baki da Hajiya, yana jira ya ga ko ɗalibarsa za ta kama shi. Na ma ji haushin kaina da na ɗauki sati biyar. Na zauna na tsara rahoto shafi biyu da rula, na sa fararen safa, na jira ya dawo, domin mai iyayi ba ya son nasara ba 'yan kallo.

Ya shigo wajen ƙarfe biyu da kayan aikinsa, ya wanke hannu, muka zauna cin tuwo a falo saboda Mama, ita a kishingiɗe da faranti a kan ciki. Na bari ya yi loma uku, sannan na miƙe tsaye na ƙame kamar yadda suke yi a fim, na ce ina da rahoto. Mama ta yi dariya ta ce to, a faɗa wa janar. Na fara da Turanci ina tsoma Hausa inda ta fi daɗi, na karanto yawan ƙara da lokuta, na yi bayanin wutsiya. Na ga hannun Baba ya tsaya tsakanin faranti da baki, na ɗauka mamakin ƙoƙarina ne. Da na zo kan agogo ya ce, "Rifkatu, je ki ɗebo mini ruwa." Ga kofinsa a cike a gabansa. Na ce ya bari in gama, ya sake faɗa da wata murya da ban san shi da ita ba, ni kuwa na ƙara sauri don kada a ƙwace mini ƙarshen. Na ce saboda haka ba Kaka ke bugawa ba, tun ƙarshen Satumba Kaka ba ta buga ba, Hajiya ce daga hawa na uku. Na rufe littafin na jira tafi.

Mama ta ajiye farantin a ƙasa a hankali. Ta miƙa hannu, na ba ta wayar, ta buɗe sunan ta daɗe tana kallon lambar. Dariyar da ta yi ɗazu ba ta gama barin fuskarta ba.

Ta ce, "Baban Rifkatu, ina uwata?"

Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta da tuwo a yatsunsa.

Ta ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Sati biyar, Saratu."

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi ranar, ta tambayi wanda ya yi mata wanka, ta tambaya ko kusa da Babanta aka sa ta. Yana amsawa tana gyaɗa kai. Ni ina tsaye da fararen safana, sai a lokacin na fara gane abin da na karanto. Kafin la'asar ta ce kanta zai tsage, tana ganin walƙiya a idonta. Motar asibiti ta zo, lif ba ya aiki, aka sauko da ita hawa huɗu a kan kujera, duk ƙofofin benen a buɗe. Hajiya ta tsaya a tata da wayar nan a hannu tana salati.

Bayan kwana biyu aka yi mata aiki aka ciro ƙanena. Na gan shi sau uku ta cikin kwalbar da ake sa bakwaini, fatarsa ja, hannunsa bai kai babban yatsan Baba ba, igiyoyi sun fi shi yawa. Fasto ya zo asibiti aka sa masa suna Ishaku. Kwana tara ya yi a duniya. Muka binne shi a wata maƙabarta da ke tsallaken kogi, akwatin a kan cinyar Baba a bayan motar wani ɗan cocinmu, Mama tana gadon asibiti ba ta je ba. Likita ya faɗa wa Baba a gabana cewa jinin dama yana hawa, ko ba labarin da wuya a kai ƙarshen wata. Na ji wannan magana daga bakin mutane da yawa, kuma mai yiwuwa gaskiya ce. Amma na kuma ji da kunnena an ce kowane sati riba ne, kuma na san wadda ta yanke satin.

Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya yi mini faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Hajiya ta hau sama ranar zaman makoki ta same ni a bayan ƙofar kicin, ta jawo kaina ta manna a cikinta mai ƙamshin albasa, ta ce wa matan da ke wurin, "Yarinya bai yi komai ba. Mu manya ne muka yi." Ban gyara mata Hausa ba. Mama da ta dawo gida ba ni ta yi fushi da ita ba, da Baba ta yi, da Anti Lami, da duk matar da ta zo ta zauna a falonmu cikin satin nan biyar tana hira. Ta ce Lahadi shida tana gaida gawa, ana makokin uwarta ita tana kwance tana cin gyaɗa tana kallon fim. Ta yi watanni ba ta ce wa Baba komai ba sai abin da ya zama dole. Wani lokaci takan shafa kaina ta ce ni kaɗai na faɗa mata gaskiya, sai in ji kamar in nutse, don na san ba gaskiya na nufa ba, yabo nake nema.

A kusan duk finafinan nan akwai wani wuri da na tsana. Bayan an warware saƙon, an san jirgin da za a nutsar gobe, sai ka ga mutanen sun zauna jugum, ba su faɗa wa kowa ba, don kada abokan gaba su gane ana jin su. A nan nakan tashi in tafi bayan gida ko in ƙaro gyaɗa, ina mita an ɓata fim. Shi ne kuma wuri ɗaya da Baba ba ya tsayarwa ya yi bayani. Cikin satin nan biyar mun kalli irin wannan wurin tare aƙalla sau biyu, yana zaune da nasa sirrin a ciki, matarsa tana barci a gefensa, ban taɓa juyowa na kalli fuskarsa ba.

Ya mayar da faifan ƙarshe laburare bai karɓo wani ba. Ya shiga karɓar aikin Asabar. Ba takarda a jakar abincina, ba gyaɗa, ba labule. Yana biya mini duk abin da nake buƙata, yana duba sakamakon jarrabawata ya ce madalla, amma idan muka haɗu a ƙofar kicin sai kowa ya matsa wa ɗan'uwansa kamar baƙi. Na yanke wa kaina cewa ba ya iya kallona ne saboda Ishaku, kuma na ga yana da gaskiya. Da wannan na gama firamare, da shi na shiga sakandare.

Ina shekara goma sha shida, wata ranar da aka tashe mu da wuri saboda dusar ƙanƙara, na hau bas ban duba ba sai na ga shi ne a sitiyari. Na zauna a baya. Da aka zo inda zan sauka na kasa tashi, na bi shi har tashar ƙarshe, mutane suka watse, ya kashe inji. Yana da hutun minti goma. Na matso kujerar da ke bayansa, na ce masa da Hausa, don ban ga yadda zan faɗa da Turanci ba, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona ta madubi.

Ya ce, "Ke kin ɗauka da ke nake fushi?" Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa. "Ranar nan da kika ce agogo, kin san abin da ya fara zuwa mini, kafin tsoro? Daɗi. Na ce a raina, kai, 'yata ce wannan, ba kuskure ko ɗaya. Matata tana gefe, ɗana yana cikinta, ni ina duba aikinki ina jin daɗi. Bai kai ƙiftawar ido ba, amma na ji shi. Duk sanda na kalle ki sai in tuna."

Muka zauna muna kallon ƙanƙara tana taruwa a gilashi, yana share hanci da bayan hannu, har lokacinsa ya cika ya tayar da inji. Shekara biyar kowa a cikinmu yana ɗauke da laifin shi kaɗai, yana zaton ɗayan ma a kansa ya ɗora. A bas ɗin nan na fara yi wa ƙanena kuka yadda ya kamata.

Yanzu mun bar wannan bene, Hajiya ta koma Kumasi, Mama da Baba sun daɗe da shiryawa, suna faɗa a kan gishiri kamar kowa. Mutuwa kuwa ta daina jiran manya. Kafin a rufe wa mutum ido a Zariya hotonsa ya iso wayarka a Bronx, ka gani kana tsaye a layin kanti ko kana tsakiyar aiki, ba wanda ya zaunar da kai, ba wanda ya riƙe maka hannu. Mama ta ce hakan ya fi, kuma ita ke da ikon faɗa. Ni dai wani lokaci nakan tuna bene guda na mata da maza, Kirista da Musulmi, sun haɗiye hawaye sati biyar, suna hawa matakala da kwanon miya da fara'ar aro, don wani yaro da ba su gani ba ya ƙara kwana bakwai a cikin uwarsa. Ban ce sun yi daidai ba, amma ina kewarsu. Dukanmu Mama muke so, kowa da irin ɓarnar da ya yi mata.